Daga Dangwale Zuwa Sa Hannu

(Kiɗan buɗe shiri)

Ina gaida iyayenmu maza da mata na ƙasar Boɗinga, har Sifawa da Takatuku, ina gaida na ƙasar Shagari, har Kajiji da Dandin Mahe da Horo da Lambara. Gaisuwa ta musamman ga malamai da malamai mata da ke riƙe da azuzuwan manya, waɗanda suke shimfiɗa tabarma a zaure ko a gindin bishiya bayan la'asar, da waɗanda suke shiga gidaje su koyar da matan aure. Yau da ku nake son magana, ɗalibanku kuma su matso kusa da rediyo, domin maganar tasu ce. Wanda yake da fensir da takarda ya ɗauko. Wanda ba shi da su ya share ƙasa a gabansa ya samo tsinke, ya wadatar.

Na taɓa tsayawa a layi a wani banki cikin Sakkwato, gabana wani dattijo ne manomin albasa, ya zo da kuɗin da ni ban taɓa riƙe irinsu ba. Aka miƙo masa takarda aka ce ya sa hannu. Ya ɗan yi jim, sai yarinyar da ke bayan kanta ta turo masa ɗan akwatin tawada ba tare da ta ɗago kai ba. Ya dangwala babban yatsa, ya danna a inda aka nuna masa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya yi bayan nan: ya cusa hannun cikin aljihun rigarsa yana murza yatsan a ɓoye, don kada na bayansa su ga shuɗin. Wannan mutum yana iya ƙiyasta buhu nawa fadamarsa za ta ba shi tun albasa tana ƙasa. Yana riƙe da lissafin bashin mutum goma a ka. Amma saboda baƙaƙe biyar ko shida na sunansa, ya fita daga wurin nan kansa a sunkuye.

Shi ya sa nake cewa ajin manya da ya koya wa mutum karatu ya bar shi bai iya rubutu ba, rabin aiki ya yi. Kuma sau da yawa haka ake yi, domin karatu ya fi sauƙin koyarwa. Malam ya rubuta a allo, ya faɗa, aji ya amsa da murya ɗaya, kowa ya tashi yana jin an yi karatu. Rubutu kuwa sai malam ya durƙusa kusa da mutum ɗaya, ya dubi yadda yatsunsa suka kama fensir, ya jira shi. Aiki ne mai cin lokaci da haƙuri.

Kafin mu shiga yadda ake yi, bari in tuna mana inda muke zaune. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa yana wallafa littattafai kafin ya koma Sakkwato a 1815. A Boɗinga ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna, kafin ya koma Gwandu bayan rasuwar Shehu a 1817. Duk abin da suka wallafa da hannu aka rubuta shi, da alƙalami da tawada, kuma da hannu almajirai suka riƙa kwafe shi har ya kai Katsina da Zazzau da Adamawa. Nana Asma'u, 'yar Shehu, ta tsara 'Yan Taru, ta naɗa waɗanda ake kira jaji, mata dattawa da ke zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma ƙauyuka su koyar da matan aure. Ilimin manya ke nan tun ƙarni na 19. Saboda haka malamin da ya shiga aji a wannan ƙasa ya san cewa ba cikin mutanen da ba su san alƙalami ba ya shiga. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune gabansa sun wanke allo sun sake rubutawa sau ɗari a yarinta. Wasu sun sauke Alƙur'ani. Wasu suna rubuta wasiƙa da ajami. Sunan da muka gada na yaƙi da jahilci yana da tarihinsa, kuma ina girmama shi, amma ina roƙon malamai kada kalmar jahili ta fito daga bakinsu a gaban irin waɗannan mutane. Boko ne ba su iya ba, shi kuma suka zo nema.

Mu fara da hannu. Hannun babba yana da tarihi. Wanda ya shekara talatin yana riƙe galma da hauya, tafinsa ya yi kanta, yatsunsa sun saba da damƙa da ƙarfi. Ka ba shi fensir, sai ya damƙe shi kamar ƙotar gatari, ya danna har bakin ya karye ko takardar ta huje. Na ga wani magidanci a wani aji ya karya bakin fensir sau uku a zama ɗaya, a na ukun ya ajiye ya ce shi kam abin nan ba nasa ba ne. Malamin bai yi masa dariya ba, bai kuma yi masa wa'azi ba. Ya ce, “Baba, in za ka ɗebi irin albasa ka yafa, da wane ƙarfi kake kama shi?” Dattijon ya haɗa babban yatsa da manuni a hankali ya nuna. Malam ya saka fensir a tsakanin yatsun nan biyu, ya kwantar da shi a kan na tsakiya, ya ce, “To haka nan, kada ka ƙara.” Daga ranar bai sake karya fensir ba. Hannun ya riga ya san laushi, wurin da ya san shi kawai aka nemo masa.

Iyayenmu mata ma haka. Wadda take kitso, take zana lalle, take saƙa faifai, take tsince tsakuwa daga shinkafa, yatsunta sun fi na malamin iya aikin ƙanƙani. Mai ɗinkin hula da baduku su ma haka. Abin da ya rage shi ne a saba wa hannun da sababbin siffofi da sabuwar alƙibla. A fara a ƙasa, da yatsa ko tsinke, a yi manyan da'irori da sanduna, kafaɗa da gwiwar hannu su saki. Daga nan a koma alli da allo, sannan fensir. Biro ya jira tukuna, domin biro ba ya gogewa, kuma babba yana jin ciwon ganin kuskurensa ya zauna daram a takarda. Wanda kuma yake zaune a tabarma, a samo masa ɗan katako ko kwali mai kauri ya ɗora littafin a kai bisa cinya, kamar yadda ya saba ɗora allo. Littafi mai laushi a kan gwiwa ba ya ba da rubutu mai kyau ko a hannun gwani. Bahago kuma a bar shi da hagunsa, a ɗan karkata masa takardar. Mutumin da ya shekara arba'in yana aiki da hagu, in ka tilasta masa dama, ka haɗa masa koyo biyu a lokaci ɗaya.

Akwai wani abu da malamai kan ɗauka taurin kai ne ko rashin fahimta, alhali ido ne. Yawancin mutane in sun haura shekara 40, ganin abu na kusa yana raguwa. Ka ga ɗalibi yana nesanta littafi daga fuskarsa, ko yana ƙanƙance ido, ko yana cewa kansa na ciwo bayan minti goma, to a duba maganar tabarau kafin a ce ba ya ganewa. A yi rubutu manya a allo, a zauna inda haske yake, kada a bari sai magariba ta kawo jiki.

Sai alƙibla. Wanda ya taso da allo, hannunsa daga dama yake tashi ya nufi hagu. Boko kuwa daga hagu yake tashi. Za ka ga ya buɗe littafi daga baya, ko ya fara layi daga gefen dama, ko ya juya baƙi ya ba shi baya. Ɗan ɗigo a gefen hagu na kowane layi, a ce masa daga nan ake tashi, yana maganin wannan cikin 'yan kwanaki. A lambobi ma akwai tarko: shida ta Larabci ta yi kama da bakwai ta boko, biyar ta Larabci kuma ta yi kama da sifiri. Lambar waya guda 11 ce, lambar katin ɗan ƙasa ma 11, in ɗaya ta kauce duk sun tashi a banza. A zauna a kan wannan da kyau. Amma ajamin nan da ke kawo ɗan ruɗani shi ne kuma babbar gada. Mai ajami ya riga ya san cewa baƙi daban, wasali daban, ya yi babbaƙu ya yi farfaru. Ka ce masa a boko wasali ba ya hawa sama ba ya sauka ƙasa, a gefen baƙi yake zama a kan layi ɗaya, ka gama masa rabin bayani. Ka ciro takardar naira 200 mai hoton Sardauna, ko ta 500, ko ta 1000, ka nuna masa ajamin da ke jiki ya karanta da kansa, sannan ku rubuta abin da ya karanta da boko. Daga abin da ya sani aka tashi, ba zai ji baƙunta ba.

Wane baƙi za a fara da shi? Ni dai ra'ayina, sunan mutum shi ne darasin farko, ko da baƙaƙen cikinsa suna da wuya. Babba ba yaro ba ne da za a ce ya jira wata uku kafin ya ga amfanin zuwansa. Ya bar gona, ta bar sana'a da girki, dole su koma gida ranar farko da wani abu a hannu. Malam ya rubuta wa kowa sunansa a saman shafi da kyakkyawan rubutu, ya bi kai da fensir, ya kwafa a ƙasa, ya rufe ya gwada da ka. Bayan suna, sai a bi baƙaƙe dangi dangi maimakon a jero su daga a zuwa z. Masu zagaye tare: o, a, c, d, g. Masu sanda tare: l, i, t, k. Masu ƙusumbi tare: n, m, h, r. A fara da ƙananan baƙaƙe, domin su ne mafi yawa a kowane shafi, manya su shigo ta hanyar farkon suna da farkon jimla. Malam kuma ya lura, a da g na littafin ɗab'i ba su yi kama da waɗanda muke yi da hannu ba. In ba a faɗa wa ɗalibi ba, zai zaci baƙaƙe huɗu ne.

Yanzu masu tsinke da masu fensir, mu gwada tare. Ja sanda daga sama zuwa ƙasa. Ba tare da ka ɗaga hannu ba, ka ɗan hau, ka yi mata tumbi ta dama. Wannan b ce, ta baba. Matsa gefe. Yanzu fara da zagaye kamar bakin ƙwarya, ka rufe shi, sannan ka jingina masa doguwar sanda ta dama. Wannan d ce, ta dawa. Ɗaya da sanda ake fara ta, ɗaya da ƙwarya. Hannu ne zai riƙe bambancin, ido ba ya isa. Kuma malamai, kada ku koyar da su rana ɗaya. Ku bar b ta zauna sati guda ko biyu kafin d ta iso.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu muna kan maganar koya wa manya rubutu, kuma mun iso wurin da na fi damuwa da shi, wato ƙa'idojin rubutun Hausa.

Waɗannan ƙa'idoji suna da tarihi. Hans Vischer, wanda Hausawa suka sa wa Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubuta Hausa da boko a 1912. A shekarun 1930 aka tsayar da baƙaƙen nan masu ƙugiya, aka kuma fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta tashi haiƙan da yaƙi da jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna don waɗanda suka fito daga aji su sami abin karantawa, ta lardin Sakkwato ita ce Zaruma. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an yi taro a Bamako a 1966, an sake yin wani a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Duk wannan wahala an sha ta ne domin wasiƙar da aka rubuta a Shagari ta karantu a Maraɗi da Kano da Kumasi ba tare da an yi gardama a kan abin da ake nufi ba.

Ɗauki ƙugiyar nan. Wasu malamai suna cewa a bar ta sai daga baya, kada a wahalar da tsofaffi. Ban yarda ba. Bahaushe ba ya taɓa rikita kare da ƙare a bakinsa, ko fada da faɗa, ko bari da ɓari, ko daka da ɗaka. Kunnensa ya riga ya raba su tun yana goye. Abin da za a nuna masa kawai shi ne ɗan lanƙwasan da ake yi a kan sandar, kamar bakin lauje, yana kallon dama. In aka bar shi ya saba rubutu babu ƙugiya wata shida, cire masa wannan sabo ya fi koya masa tun farko wuya. Ga misali a ƙofar gida: sunan Boɗinga kansa da ɗ mai ƙugiya muke faɗarsa, ko da yake takardun Turanci ba sa sa mata. Fulanin da ke cikin aji kuma ribarsu biyu, domin Fulfulde ma tana da ɓ da ɗ. Wanda ya rubuta wa ɗan'uwansa cewa an yi baƙi a gida, ya mance ƙugiya, ya ce an yi baki, ya aika da wata magana daban.

Haka baƙi mai nanatuwa. Baba daban, babba daban. Daba daban, dabba daban. Mana daban, manna daban. Hanyar da na ga tana aiki ita ce tafi: a faɗi kalma a hankali, a tafa hannu a kan kowace gaɓa. Ba, ba. Bab, ba. Mai ajami ka ce masa shadda ce, a boko sau biyu ake rubuta baƙin, nan take zai gane. Shi kuma zai so ya ja wasali, ya rubuta a biyu inda ya ji dogon sauti, domin ajami yana nuna ja. Sai a gaya masa boko na yau da kullum ba ya nunawa, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, zancen da ke kewaye ne ke raba su.

Sai raba kalmomi da haɗe su, inda har masu digiri suke tuntuɓe. Sunan jaridar nan da na ambata ya isa darasi. Gaskiya ta fi kwabo: ta daban, fi daban. In ka haɗe su ka ce tafi, ka kori gaskiya ke nan. Ita ce, kalma biyu, ana nufin mace. Itace, kalma ɗaya, na hura wuta. Dabarar da za a ba ɗalibi mai sauƙi ce: in kana iya canza ta ɗin da ya, ko na, ko sun, magana ta tsaya, to raba su. Ya fi, na fi, sun fi. A kan takarda kuma ya sa ɗan yatsa tsakanin kalma da kalma har ido ya saba da tazarar.

To ga babbar magana, wadda ta shafe mu mu mutanen yamma. Daidaitacciyar Hausa an gina ta ne galibi a kan karin Kano. Ɗalibinka na Sifawa ko Kajiji yana cewa hwari, littafi ya ce fari. Yana cewa tahi, littafi ya ce tafi. Yana cewa zamna da amre da biyat, littafi ya ce zauna da aure da biyar. Yana cewa munka zo, gidanai, wanga, littafi ya ce muka zo, gidansa, wannan. In aka yi masa shifta ya rubuta hili a maimakon fili, malam ya sani wannan mutum bai yi kuskuren ji ba. Ya saurari bakinsa, ya rubuta abin da ya ji daidai, kuma wannan ita ce ainihin fasahar da ake son ya samu. Malamin da ya zabga masa jan biro ya ce ba Hausa ba ce, ya yi masa zalunci biyu: ya hukunta shi a kan abin da ya yi daidai, ya kuma ce masa harshen uwarsa kuskure ne. Sakkwatanci kuwa ba gurɓatacciyar Hausa ba ce. Masana harshe sun nuna cewa siffofi irin su zamna da amre da biyat sun girmi na Kano, kuma mawaƙan Hausa ko'ina suna aron munka da sunka in suna son waƙa ta yi nauyi.

Abin da nake ba da shawara shi ne, a watannin farko a bar mutum ya rubuta yadda yake faɗa, a yaba masa. In hannu ya faɗa, sai a ja layi a tsakiyar allo, gefe ɗaya a rubuta yadda muke faɗa, ɗaya gefen yadda ake rubutawa a littafi da jarida da takardar gwamnati. A gaya masa gaskiya: duka biyun naka ne, amma wannan na biyun shi ɗanka zai tarar a makaranta, shi za ka gani a takardar asibiti. Ko Bakano ma ba duk abin da yake faɗa yake rubutawa ba. Kowa yana cewa gidam Bello, da m, amma gidan Bello ake rubutawa, da n. Mu muna cewa rigab Bello, ana rubuta rigar Bello. Babba in aka ba shi dalili yana karɓa. Abin da ba ya ɗauka shi ne raini, kuma ba zai yi gardama ba, zai daina zuwa ne kawai, a ce damina ce ta hana shi.

Kalmomin da za a yi aiki da su kuma a ɗebo su daga rayuwar masu aji. A 1963 wani malami ɗan ƙasar Brazil, Paulo Freire, ya koyar da manya kusan 300 a garin Angicos cikin darussan da ba su wuce awa 40 ba, kuma asirin aikinsa shi ne ya fara sauraron kalmomin da mutanen suke rayuwa da su, ya farfasa su gaɓa gaɓa, su kuma su gina sababbi. Mu gwada da albasa. Al, ba, sa. Daga ba a sami ba, be, bi, bo, bu. Daga sa a sami sa, se, si, so, su. Yanzu a bar aji su haɗa da kansu: sabo, bisa, busa, baba. Ranar da mutum ya haɗa kalmar da malam bai rubuta masa ba, ranar ya gane cewa rubutu ba hadda ba ne. Mai ƙuli-ƙuli a yi mata shifta da sunayen masu bashinta da adadin kuɗi. Mai adashi ta rubuta wa ya zuba, wa ya kwasa. Manomi ya rubuta ranar da ya sa taki da buhu nawa. Shifta ta zama gajera, kalma biyar ko jimla biyu, sannan malam ya rubuta daidai a allo kowa ya gyara nasa da hannunsa. Kuskure ɗaya za a kama a rana. In yau ranar ƙugiya ce, a kau da kai daga sauran. Kuma minti goma kullum a gida ya fi awa biyu sau ɗaya a mako, domin hannu da maimaici yake koyo.

Wayar hannu ma ta shigo cikin maganar. Saƙon murya na WhatsApp ya sauƙaƙa wa mutane, har wasu suna ganin ba sauran bukatar rubutu. Amma banki ba ya karɓar saƙon murya a madadin sa hannu, yarjejeniyar jinginar gona ma haka. Matasan gida da ke taimaka wa iyaye, ina roƙonku, kada ku koya musu rubutun da kuke yi a waya, na x a wurin z da guntule kalmomi. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, da ɓ da ɗ da ƙ a ciki, ku saka musu shi.

Mutanen Shagari kuna da abin tunawa a nan. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garinku a 1925, ya yi elementare a Yabo, ya yi Midil a Sakkwato, kuma da alli ya fara aiki: ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya yi hedimasta a Argungu, ya tsara Waƙar Nijeriya don a koyi labarin ƙasa da Hausa. A zamanin mulkinsa, ranar 8 ga Satumba 1982, wadda ta dace da ranar yaƙi da jahilci ta duniya, aka ƙaddamar da gangamin koyar da manya na ƙasa baki ɗaya, da niyyar shekara goma. Ƙarancin kuɗi da juyin mulkin ƙarshen 1983 sun rage masa ƙarfi, sai a 1990 aka kafa hukumar ilimin manya ta ƙasa, jihohi kuma, har da tamu, suna da nasu hukumomin. Gangami yana zuwa ya wuce, amma wanda ya fito aji bai ci gaba da rubutu ba, cikin shekara ɗaya ko biyu hannun yana komawa inda ya fito. Saboda haka ina kira ga hakimai da limamai da shugabannin ƙungiyoyin manoma da na mata: ku ba waɗanda suka gama aji aikin rubutu. A ba wannan rajistar mahalarta taro, a ba wancan lissafin kuɗin gyaran rijiya, a ce wa waccan ta rubuta sunayen yaran da za a kai rigakafi. Ko rubutun ya karkace, a karɓa a yi aiki da shi.

Ga aikin wannan mako. Ɗalibai, kowa ya rubuta cikakken sunansa sau biyar kullum, bayan sallar asuba ko kafin barci, babban baƙi a farkon kowane suna, da tazarar yatsa a tsakani. A ƙasa ya rubuta sunan garinsu da lambar wayarsa. Malamai kuma, kowa ya tattaro kalmomi goma daga bakin ɗalibansa waɗanda faɗarsu ta bambanta da rubutunsu, ya rubuta su gefe da gefe a allo ya bar su a nan har mako ya zagayo. A shiri na gaba za mu ɗauki aya da waƙafi da alamar tambaya, mu rubuta gajeriyar wasiƙa tare daga gaisuwa har sa hannu.

Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)